Rashin Barci: Gyaran Ɗabi'a, Maganin Ganye ko Ƙwayar Kemis?

Duk wanda barci ya ƙaurace wa idonsa har ya fara kai kuka wurin mutane, shawara iri uku yakan samu. Wani zai ce masa ya gyara yadda yake tafiyar da yininsa da darensa, wani ya nuna masa shagon masu maganin gargajiya inda ake sayar da ganyen shayi da mai da garin saiwoyi, wani kuma ya raɗa masa sunan ƙwayar da zai karɓa a kemis ɗin unguwa ba tare da an tambaye shi takardar likita ba. Da yawa da ƙwayar suke farawa saboda ita ce mai aiki nan take, idan tsoronta ya kama su sai su koma ga ganye, gyaran ɗabi'a kuwa sai an rasa tudun dafawa ake tunawa da shi. A ganina an juya lamarin ne kai a ƙasa, kuma binciken likitoci yana goyon bayan wannan ra'ayi, sai dai akwai wani sharaɗi mai nauyi wanda masu cewa "ka daina shan shayi da dare" ba su cika ambatonsa ba.

Abu na farko da zai yanke hukunci shi ne tsawon lokacin da matsalar ta ɗauka. Akwai rashin barcin da yake zuwa da dalili a fili, kamar rasuwar makusanci, ko jarrabawa, ko bashin da lokacin biyansa ya ƙarato, ko zafin bazara, kuma irin wannan yakan tafi da kansa idan dalilin ya gushe. Akwai wanda ya samu wurin zama, wanda likitoci suke lissafa shi cikin cututtuka idan mutum yana daɗewa bai samu barci ba, ko yana farkawa tsakar dare ya kasa komawa, aƙalla dare 3 a kowane mako har tsawon wata 3, kuma abin yana taɓa aikinsa da rana. Sai kashi na uku, wanda nake kyautata zaton yana da yawa ƙwarai a garuruwanmu, wato mutanen da barcinsu lafiya lau yake, lokaci ne kawai ba sa ba shi. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye, saboda haka wanda zai tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5 ya kamata ƙarfe 10 ta same shi a kwance. Wanda ya zauna a majalisa ko gidan kallon ƙwallo har 11, ya biya ta teburin mai shayi, ya dawo gida ya ɗauki waya har ƙarfe ɗayan dare, gajiyar da yake ji da hantsi babu ganye ko ƙwayar da za ta cire masa ita.

Ga wannan kashi, da kuma masu rashin barci na ɗan lokaci, gyaran ɗabi'a ya wadatar, kuma wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne abin da ake kaiwa baki daga la'asar zuwa dare. Tun daga lokacin da mutum ya farka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yawansa ne kuma yake kawo nauyin ido da daddare. Kafeyin, wanda yake cikin kofi da shayi da goro da lemukan ƙara kuzari, yana toshe wuraren da adinosin yake maƙalewa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin gajiyar da ke tare da ita. Jiki kuma ba ya saurin rabuwa da shi, domin bayan kimanin awa 5 rabinsa ne kawai ya fita. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 an ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa 6 kafin lokacin kwanciyarsu, aka auna barcinsu da na'ura, aka tarar ya ragu da fiye da awa guda. Dattijon da ya ɓare goro bayan magariba da matashin da ya zauna gaban buta ana zuba shayi zagaye na farko mai ɗaci har zuwa na uku mai zaƙi, duk sukan ce "ni ko na sha barcina nake yi". Sau da yawa gaskiya suke faɗa, barcin yana zuwa, amma ba ya yin nauyin da ya kamata, shi ya sa gari yake waye musu jiki a mace.

Sauran gyare-gyaren sanannu ne. Tashi a lokaci ɗaya kullum, har ranar da babu aiki, da fita cikin hasken safiya, su ne suke saita agogon da ke cikin jiki, kuma a nan mai tashi asuba ya riga ya yi rabin aikin idan bai koma ya kwanta har hantsi ba. Ƙailula tana da amfani idan gajera ce, minti 20 zuwa 30 bayan azahar, amma barcin awa biyu da la'asar cin bashi ne daga na dare. Waya tana cutarwa ta hanya biyu, haskenta da kuma abin da ake gani a cikinta, kuma na biyun ya fi muni, domin wanda ya karanta labarin tashin hankali ko ya shiga musu a Facebook ƙarfe 12 na dare zuciyarsa ba za ta kwanta da wuri ba. Jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya ɗauke shi, wannan ne ya sa watannin Maris zuwa Mayu suke da wuya a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin rana yake haura digiri 40 kuma bangon siminti yake riƙe shi har tsakar dare. Wanka awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana taimakawa, haka shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro inda tsaro ya ba da dama. Mai tayar da janareto don fanka kuma ya nisanta shi da ɗaki da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci ba tare da an ji wari ba.

Duk waɗannan kyauta ne, ba su da illa, kuma wanda ya riƙe su mako biyu zuwa uku zai ga ko sun yi masa. Iyakarsu ita ce sharaɗin da na ambata. A 2021 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da jagora inda ta shawarci likitoci da kada su dogara ga irin waɗannan shawarwari su kaɗai wajen maganin rashin barcin da ya daɗe. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama da mai wannan larura. Shi ya daɗe da barin shayi da goro, ya kashe waya, ya gyara ɗaki, har ya fi kowa sanin ƙa'idojin, amma da zarar ya ɗora kai a matashi sai idonsa ya bushe. Abin da ya jawo matsalar tun farko ya wuce, yanzu tsoron rashin barcin ne yake riƙe da ita. Yakan kwanta tun ƙarfe 9 don ya rama na jiya, ya yi ta juyi yana duba agogo yana lissafin awa nawa ta rage, har ƙwaƙwalwarsa ta saba da cewa gado wurin fargaba ne. Mutum ne da zai yi ta gyangyaɗi a kan kujera ana hira, amma yana shiga ɗaki barcin ya watse. Barci kamar kaza yake, idan aka bi ta da gudu sai ta ƙara nisa, idan aka watsa tsaba aka koma gefe sai ta zo da kanta.

Ga irin wannan mutum akwai wani tsari da bai yaɗu a wurinmu ba, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da CBT-I, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta ce shi za a fara ba mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a yi maganar ƙwaya. Horo ne na mako 6 zuwa 8 wanda ba a haɗiyar komai a cikinsa, kuma a cikin manyan ginshiƙansa akwai guda biyu. Na farko, wanda wani masani ɗan Amurka mai suna Richard Bootzin ya tsara a 1972, shi ne a raba gado da duk wani abu in ban da barci da kwanciyar aure. Ba a kwanciya sai barci ya zo sosai, idan kuma aka kwanta aka ga kamar minti 20 ta wuce ido biyu, sai a tashi a koma wani wuri a yi abu mai sanyi cikin haske kaɗan, kamar karatu ko jan carbi, har sai ido ya yi nauyi sannan a dawo, ko da sau nawa za a maimaita a dare guda. Wanda yake ɗaki ɗaya da iyalinsa ba lallai ne ya fita ba, tabarma a gefen ɗakin ta isa, muddin ya bar shimfiɗar ya zauna.

Ginshiƙi na biyu, wanda masanin ilimin barci Arthur Spielman da abokan aikinsa suka gabatar a 1987, ya fi wuya kuma ya fi ban mamaki, domin rage lokacin kwanciya ake yi. Mutum zai yi mako biyu yana rubuta lokacin da ya kwanta da ƙiyasin awoyin da ya yi barci. A ce yana kwanciya ƙarfe 9 ya tashi ƙarfe 5, amma barcin gaske awa 5 da rabi ne. To sai ya mayar da lokacin kwanciyarsa 11 da rabi, ya ci gaba da tashi ƙarfe 5 ko ya yi barci ko bai yi ba, kuma ya bar ƙailula na ɗan lokaci. Makon farko yana da wahala matuƙa, gyangyaɗi zai dame shi da rana, amma wannan yunwar barcin ita ake nema, domin ita ce take haɗe barcin da ya warwatse ya zama dunƙule ɗaya. Idan ya kai matsayin da kashi 85 cikin 100 na lokacin da yake kwance barci yake yi, sai ya ƙara minti 15 a mako, a haka har ya isa abin da jikinsa yake buƙata. Ba a rage lokacin ƙasa da awa 5, kuma mai farfaɗiya, da mai ciwon taɓin hankalin da yake tashi idan an rasa barci, da direban doguwar tafiya ko mai aiki da inji, kada su gwada wannan sai da kulawar likita. Fifikon wannan tsari a kan ƙwaya shi ne amfaninsa yana ɗorewa bayan an gama shi. Rauninsa a ƙasashenmu kuwa ƙarancin masu koyar da shi ne, amma ana iya tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma zuwa can don matsalar barci ba abin kunya ba ne.

Idan aka dawo ga hanyoyin da ba na asibiti ba, ya kamata a raba su gida biyu, waɗanda ake sha da waɗanda ake aikatawa, domin ba matsayinsu ɗaya ba. A cikin waɗanda ake sha, melatonin ya fi suna a yanzu. Sinadari ne da ƙwaƙwalwa take fitarwa idan duhu ya yi don ta sanar da jiki cewa dare ya shiga, shi ya sa ƙwayarsa take da amfani ga wanda agogon jikinsa ya goce, kamar matafiyin da ya tsallaka ƙasashe masu bambancin lokaci, ko matashin da barcinsa ba ya zuwa sai 3 na dare. Ga mai daɗaɗɗen rashin barci kuwa amfaninsa kaɗan ne. Wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna yana rage jiran barci da kimanin minti 7 kacal, kuma a 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi, haka ma saiwar baleriyan, wajen maganin wannan larura. A shekarar ce kuma masu bincike a Kanada suka auna melatonin da ake sayarwa a shaguna suka tarar abin da ke cikin kwalba yana saɓa wa abin da aka rubuta, wani ya gaza da kashi 83 cikin 100, wani ya zarce da kashi 478. Idan haka ta faru a Kanada, mai saye a kasuwanninmu yana da dalilin yin taka-tsantsan.

Shayin kamomil da ƙamshin labanda ba su da wata illa ga yawancin mutane, hujjar amfaninsu ce dai ba ta da ƙarfi. Ashwaganda, saiwar Indiya da ake tallata ta a intanet, ta nuna ɗan amfani a ƙananan gwaje-gwaje, amma an samu rahotannin ta taɓa hantar wasu, kuma Denmark ta hana sayar da ita a 2023. Na'a-na'a da zoɓo da madara mai ɗumi da zuma ba maganin barci ba ne, sai dai ina ganin suna da wani amfani da bai kamata a raina ba: wanda ya maye shayin dare da su ya rabu da kafeyin, kuma ya samu wata al'ada da take sanar da jikinsa cewa yini ya ƙare. Abin da nake tsoro shi ne jiƙo ko garin da ake ɗaurawa a leda ko a zuba a gorar ruwa, babu suna, babu lambar hukumar NAFDAC, babu ma'auni. Idan irin wannan ya kwantar da mutum cikin minti kaɗan kamar an buge shi, to ya tambayi kansa abin da ke ciki, domin ganyayen da na ambata a sama ba su da wannan ƙarfi. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hawan jini ko na suga, su ne suka fi kowa buƙatar nisantarsa. Ƙaho da allurar Sinawa kuwa babu hujja mai ƙarfi da ta nuna suna warkar da rashin barci.

Waɗanda ake aikatawa sun fi samun goyon bayan bincike. Sassauta gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, wanda likita Edmund Jacobson ya fito da shi a Amurka tun shekarun 1920, yana cikin hanyoyin da jagorar 2021 ta amince da su. Yadda ake yi shi ne mutum ya ɗaure naman ƙafarsa na daƙiƙa 5, ya sake shi ya saurari yadda ya saki, ya hau zuwa cinya da ciki da kafaɗa har fuska, yana numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Wanda tunani yake hana shi barci kuma yakan samu sauƙi idan ya ware minti 15 da yamma ya rubuta abin da ke damunsa da matakin da zai ɗauka gobe, don kada lissafin ya biyo shi gado. Musulmi yana da wani tsari a hannunsa tun tuni: alwala, kwanciya ta gefen dama, Ayatul Kursiyyu, ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da tasbihin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Aliyu. Ya kuma tabbata cewa ba ya son hira bayan isha'i. Waɗannan ibada ce, don Allah ake yin su, amma duk mai lura zai ga sun ƙunshi abin da masu ilimin barci suke nema, wato aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya kowane dare, mai kwantar da zuciya, ba tare da waya a hannu ba. Riƙo da su kuma bai hana zuwa asibiti ba.

Ƙwayar kemis tana da gurbinta, amma ƙuntatacce ne. Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da bromazepam da ake sayarwa da sunan Lexotan, suna kawo barci tabbas, kuma likita yana iya rubuta su na 'yan kwanaki ga wanda wata musiba ta girgiza. Ƙa'ida ita ce kada su wuce mako 2 zuwa 4, domin jiki yana sabawa da su, guda ɗaya ta daina isa, ranar da aka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da, sai mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya tsananta alhali janyewar maganin ce. Ga tsofaffi suna kawo jiri da faɗuwa da mantuwa, haɗa su da giya ko tiramadol ko kodin kuwa yana iya tsayar da numfashi. Piriton da ire-irensa na mura da ƙaiƙayi ne, barcinsu yana raguwa bayan 'yan kwanaki, nauyin kai kuma ya kai mutum har hantsi. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, bai kamata ma ya shiga lissafin mai neman barci ba. Wanda ya riga ya daɗe yana shan Valium ko Lexotan kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan yana iya jawo jijjiga, likita ne zai tsara masa ragewa sannu a hankali.

Akwai kuma waɗanda babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da za ta yi musu, saboda wani ciwo ne a ƙarƙashi. Mai minshari mai ƙarfi wanda matarsa take ji numfashinsa yana ɗaukewa sannan ya farka da shaƙewa, ya tashi da ciwon kai, ya yi ta gyangyaɗi da rana, musamman idan yana da ƙiba ko hawan jini, maƙogwaronsa ne yake toshewa cikin barci, kuma ƙwayar barci ƙara masa haɗari take yi. Mai tashi fitsari sau da yawa ya gwada suga, idan namiji ne da ya manyanta a duba mafitsararsa. Mai jin kamar ana masa tafiyar tsutsa a ƙafafu da daddare har sai ya motsa su, a duba ko sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jininsa, abin da ya fi samun mata masu ciki. Wanda yake farkawa tun kafin asuba da ƙunci a zuciya, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina burge shi, wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma idan tunanin rabuwa da duniya ya fara zuwar masa to ranar ya kamata a kai shi asibiti.

Saboda haka wanda matsalarsa ba ta wuce 'yan makonni ba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ya tsayar da lokacin tashi, ya yanke shayi da goro da kofi daga azahar, ya ajiye waya awa guda kafin kwanciya, ya haɗa da sassauta jiki da azkar, idan yana son abin ɗumi ya sha na'a-na'a. Wanda ya haura wata 3 kuma ya riga ya gwada duk wannan, kuɗin da zai kashe a kan melatonin da saiwoyi gara ya sayi littafin rubutu ya fara lissafin barcinsa na mako biyu, ya fara tashi daga shimfiɗa duk lokacin da barci ya ƙi zuwa, sannan ya ɗauki littafin ya kai wa likita, tare da kwalin duk wani magani da yake sha, na asibiti da na gargajiya.